Zaren da Ban Kai wa Baffa Ba

Akwai wani gwangwanin alewa a ƙasan akwatina, kuma na san dukkanku kun taɓa buɗe shi, kada wani ya yi mini rantsuwa. A cikinsa akwai ɗan zaren ulu da bai fi kamu ɗaya ba, launinsa tsakanin ja da shuɗi. Ke Hauwa kin taɓa gaya wa ƙannenki wai laya ce na yo a ƙasar Larabawa. Mahaifiyarku kuwa, Allah ya saka mata da haƙurinta, ta fi shekara tana zaton daga gyalen wata mace aka zaro shi. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce uffan ba, don a lokacin bakina ba ya iya ɗaukar maganar. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, gara in rubuta muku da hannuna, kada ku gaji gwangwanin ku haɗa da zargin.

Kakanku, wanda muke kira Baffa, marini ne, ubansa ma marini ne. Manyan cikinku sun san shi da farin gemu da hannaye baƙi wuluk har wuyan hannu, irin baƙin da sabulu ya daɗe da sallamawa. A duk karofin unguwarmu an san ramin gidanmu, domin turkuɗin da ya fito daga cikinsa idan aka buge shi har wani ja-ja yake yi a rana, kuma babu wanda ya iya fitar da irinsa. Ni ne babban ɗansa namiji, don haka tun ban san ciwon kaina ba nake ɗaukar toka, ina dakan baba, ina juya rami da muciya. Na bar sana'ar a kan abin da yau nake jin kunyar faɗa. Wata yarinya ce na miƙa wa goro a dandali, ta dubi hannuna ta ce ta ƙoshi, ƙawayenta suka tuntsire da dariya. Na yi makonni ina dirje hannuna da lemon tsami da yashi, sannan na tafi tasha na koyi tuƙi. Baffa bai yi faɗa ba, da ma ba mai yawan magana ba ne. Ranar da na gaya masa, yana durƙushe a bakin rami, ko ɗagowa bai yi ba.

"To, Auwalu. Ka dai sani da rabin karatu ka tafi."

Daga ranar, sama da shekara ashirin, babu abin da ke shiga tsakanina da shi sai gaisuwa. Ba gaba muke yi ba, ku fahimce ni. Ina durƙusa masa, yana sa mini albarka. Amma idan an gama yaya iyali da yaya ƙarfin jiki, sai mu rasa abin cewa, har sai ɗayanmu ya tuna da wani uzuri.

Haka na tafi Doha ta ƙasar Qatar da wannan shirun. Kamfanin da ya ɗauke ni tuƙi ya ajiye mu a unguwar Najma, a ɗaki guda mai gadaje sama da ƙasa, inda kowa ya san tarin kowa da ƙarar wayar kowa. Wanda ke gadon da ke ƙarƙashina Isiyaka ne, mutumin zangon Kumasi, mai gadi, ga surutu ga kirki. Ni kuma aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Tunisiya da muke kira Dakta Munir, wanda aka gayyato ya taimaka wajen tantance tsofaffin kayan tarihi. Aikina in kai shi in dawo da shi gidan da aka ba shi a cikin gonakin Umm Salal. Mutum ne siriri mai saurin fushi da saurin hucewa, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana Turai. Da na tambaye shi sana'arsa ya ce tonon kufai, sai na riƙa yi masa kallon mai neman tukunyar zinariya. Ashe fasassun kasake yake nema, kuma idan ya samu ɗaya murnarsa ta fi ta mai zinariyar.

Sai Korona ta zo. Aka rufe masallatai, aka daina tashin jirage, titunan da na saba maƙalewa a cikinsu suka koma fayau. Dakta ya ji tsoron in kwaso masa cuta daga ɗakinmu, ya roƙi kamfani aka bar ni na tare a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidansa. Da farko na ɗauka hutu na samu. Kwana goma ban yi ba na fara kewar tarin Isiyaka. Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a gidan nan. In yi salla ni kaɗai, in ci abinci ni kaɗai, in wanke motar da ba ta je ko'ina ba don kawai hannuna ya samu abin yi. Ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa, kuma duk sanda na ji haka sai ƙirjina ya yi nauyi. Da azumi ya zo na riƙa buɗe baki a bakin ƙofa ina kallon dabinai.

Kaɗaicin ne ya kwance bakin Dakta. Da la'asar sai ya fito da kujera ya zauna nesa da ni, kowa da takunkuminsa, ya yi ta ba ni labari da Larabci da guntun Turanci, abin da ya gagara mu ƙarasa da hannu. A nan na fara jin sunan Finikiyawa. Ya ce mutane ne da suka zauna a gaɓar tekun da yau ake kira Lebanon, tun kafin zuwan Annabi Isa da daɗewa, fatake ne amma na ruwa, babu gaɓar da jiragensu ba su taɓa ba. Wasu daga cikinsu suka yi yamma suka kafa birnin Kartaj a ƙasarsu Dakta, birnin ya ƙasaita har ya yi ta gwabzawa da Rumawa, daga ƙarshe Rumawa suka ci shi suka ƙone. Ya ce baƙaƙen da nake karanta lambar mota da su, idan aka bi salsalarsu, wurin mutanen nan za a tsaya. Amma littattafansu kusan duk sun salwanta, yawancin abin da aka sani game da su maƙiyansu ne suka rubuta. Na ce masa ai kuwa an cuce su, don ni ko a tasha ba zan yarda abokin faɗana ya ba da labarina ba. Ya ce shi ya sa ya ƙarar da rayuwarsa yana tono, ƙasa ce kaɗai ba ta ɗauki ɓangare ba.

Ni dai ina saurare ne don lokaci ya wuce, har ranar da wari ya kai ni bayan kicin. Wani irin ɗoyi ne, kamar an manta da kifi a cikin mota. Na tarar da Dakta tsugune gaban wata tukunyar ƙasa, yana shirin tuntsurar da ita a magudana, yana ta zage-zage da Faransanci. Ya bayyana mini cewa babban abin da aka san Finikiyawa da shi rini ne. Daga jikin wani dodon koɗi na teku suke ciro ɗan abu kamar majina, sai an fasa dubbai kafin a rina abin kirki, launin kuma sarakuna kaɗai ke iya sa shi. Ya ce ya tono ramukan rininsu da hannunsa, ya ga tulin fasassun ƙoƙunan, ya auna zurfin kowane rami, amma yadda suke haɗa ruwan babu wanda ya bari a rubuce sai wasu 'yan layuka na wani Barume da da alama bai taɓa tsoma hannu a rini ba. Masu ɗakin gwaji suna fitar da launin da magungunan zamani, shi kuwa so yake ya fitar da shi da abin da mutanen da suke da shi. Ya zo da busasshen abin a kwalba daga ƙasarsu, ga shi zaman gida ya ba shi lokaci, tukunya huɗu ya haɗa duk suka ruɓe, wannan ta biyar ce, kwalbar kuma ta kusa ƙarewa.

Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na tsoma yatsu biyu na murza, na ji babu santsi ko kaɗan, na sunkuya na shaƙa, a ƙarƙashin ɗoyin na ji tsami. Na ce masa kada ya zubar, tukunyar ba ta mutu ba, yunwa take ji, toka take so. Ya sauke takunkuminsa ya zuba mini ido.

"Ya Auwal, a ina ka san wannan?"

Shekara biyu ina tuƙa mutumin nan ban taɓa gaya wa kowa a Doha sana'ar gidanmu ba, ko Isiyaka bai sani ba. Ranar na faɗa. Muka ƙona busasshen reshen dabino da itacen da muka samu a gona, na tace ruwan toka kamar yadda na saba ina yaro. Sai na tsaya da kwano a hannu, domin ban san yawan da zan zuba ba. Nan rabin karatuna ya ƙare. Duk shekarun da na yi a karofi, ni ke kawo toka, Baffa ke zubawa.

Na kira shi. Muka gaisa gaisuwarmu ta kullum, shirun nan ya zo, na ji yana shirin cewa a gaida yara. Sai na yi ta maza na ce ina da tambaya a kan rini. Ya ce yana ji. Na kwashe labarin tsohon da dodon koɗinsa na faɗa masa, na tambaye shi ruwan toka nawa ake zubawa.

"Ba a aunawa. Zuba kaɗan, ka juya a hankali kada ka sa mata iska, ka ɗanɗana."

Na ce Baffa, abin fa ruɓaɓɓe ne. Ya ce ai na ce daga teku yake, abin teku ba ya zama mushe, in daina raki. Na rufe ido na ɗiga a harshe, na yi kaki har hawaye, Dakta yana gefe yana dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

"To, me harshenka ya ce?"

Na ce ɗaci da ɗoyi. Ya ce wannan hanci ne ya yi magana, in sake. Haka muka yi kwana tara. Kullum da hantsi in kira shi, yana bakin raminsa ina bakin tukunyarmu, ya tambaye ni kumfa, ya tambaye ni launin ruwan, ya sa ni in rufe ta in ajiye inda zafi ke dukanta amma haske ba ya shiga, sannan ya yi mini tambayar nan tasa. Bai taɓa ganin teku ba, bai san ko Kartaj gari ne ko sunan mutum ba, amma ya ce duk rinin da ake jira ya nuna halinsa ɗaya ne. A cikin kwanakin nan na yi magana da ubana fiye da abin da muka yi a shekara ashirin. Har labarin yadda nasa uban ya mare shi a kan ramin da ya kashe ya ba ni, muka yi dariya tare. Ina ajiye waya sai in ji shirun gidan bai kai na da ba.

A rana ta goma ruwan ya koma kore-kore. Dakta ya tsoma farin ulu, muka rufe muka jira. Da ya ciro shi launinsa kamar ɗanyen ganye, ransa ya ɓaci, ni kuwa na ce ya dakata, haka namu ma yake fitowa. Muna tsaye iska ta buge shi, ya fara juyawa a gaban idonmu, har ya zama launin da kuka gani a gwangwani. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya samu bakin magana ya ce in kira masa Baffa, ya karɓi wayar da hannu biyu yana ta godiya da Larabci, Baffa yana amsawa da madalla, ba wanda ke jin wani. Bayan ya miƙo mini wayar ya riƙe hannuna, ya manta da dokar nesa-nesa.

"Shekara arba'in ina tono, ya Auwal. Rami nake samu, ba na samun hannu. Mutanen nan ba wuta ce kaɗai ta cinye su ba. Akwai ranar da wani tsoho ya mutu ɗansa bai tambaye shi ba. Kai naka yana da rai, yana ɗaga waya."

Ya yanko mini kamu ɗaya daga ulun ya ce in kai wa malaminsa. Na aika wa Baffa hoto ta wayar ƙanena, ya duba ya ce waya maƙaryaciya ce a kan launi, sai ya riƙe a hannunsa ya kai rana zai san ko mutanen nan sun iya rini. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun ranar da na bar karofi. Ya ce idan na kawo, in zauna wata uku, zai haɗa sabon rami daga farko ina tsaye, don abin da ya rage mini ba ya bin waya, sai harshe biyu a ruwa ɗaya. Na ce in sha Allahu da an buɗe hanya.

Ga inda nake so ku karanta a hankali, domin a nan laifina yake, kuma ba na so a ɗora wa cuta ko kamfani. An buɗe hanya. Dakta ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ni na koma gadona a Najma. Da na nemi hutu an ce wata ɗaya za a ba ni, na ce wata ɗaya ba zai isa ba, bari in tara. Da shekara ta juyo aka fara shirin gasar ƙwallon duniya, aka ce duk direban da ya tafi yanzu ya tafi ke nan, wanda ya tsaya kuma zai ga alheri. Na ce wa Baffa bayan ƙwallo. Ya ce Allah ya kai mu. Har cikin raina na gaskata dalilaina, kuma ba ƙarya ba ne, kuna makaranta, ginin gidan nan bai kai linta ba. Amma akwai wani dalilin da ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron in koma in durƙusa a bakin rami da furfurata, abokan tasha su ga ɗan Qatar da baƙin hannu. Yarinyar nan mai ƙin goro ta daɗe da zama kaka, amma ni ban daina jin dariyarta ba.

Ana saura 'yan makonni a fara wasa wani ɗan Kano da ke ɗakin kusa da mu ya tashi tafiya gida. Isiyaka, wanda zuwa lokacin ya san labarin duka, ya same ni ina goge takalmi.

"Abokina, yalla, yi maza ba shi zaren nan ya kai ma tsoho. Kai ka bi baya. Tsoho ba ya jiran bal."

Na ƙi. Na ce ni zan sa masa a hannu, ina so in ga fuskarsa. Isiyaka ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya ya kwanta.

Garin ya cika ya batse. Ban taɓa ganin mutane iri-iri haka ba, kuma ban taɓa jin ni kaɗai ne kamar a watan nan ba. Wata ranar wasa da azahar ina tuƙa bas cike da baƙi masu fenti a fuska, suna ta waƙa suna buga ganga, mun maƙale a cunkoso wajen unguwar Nu'aija, sai wayata ta yi ta ruri a aljihu. Doka ta hana mu ɗagawa a kan tuƙi. Sai da na sauke su na samu wuri na tsaya, sannan na ga kiran ƙanena har sau bakwai. Baffa ya je karofi da safe kamar kullum, ya dawo ya ce kansa na sarawa, ya kwanta. Kafin in kira har an dawo daga maƙabarta. Na zauna a cikin bas ɗin da babu kowa, ƙasa duk tarkacen tutoci, daga nesa ina jin ihun filin wasa. Na daɗe ban iya ko kuka ba. Sannan aka kira ni a rediyon mota aka ce in matsa gaba, akwai wasu baƙin.

Bayan an gama ƙwallo na ajiye aikin na dawo, abin da wasunku har yau suke ganin wauta ce. Washegarin isowata na tafi karofi. Malam Sule, maƙwabcin raminmu, ya ɗaga murfin ya nuna mini. Ashe Baffa ya haɗa sabon rami makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Ya gaya musu Auwalu na zuwa bayan ƙwallo, ya gaji da jira, gara ya tarar da shi ya nuna, sai su fara daga yadda ake kiwonsa. Malam Sule ya ce sun yi ta juya shi saboda amana, amma ya fara sanyi, yana neman wani abu, kuma kowane gida da hannunsa, nasu ba irin na Baffa ba ne. Marina suka taru suna kallona. Na naɗe hannun riga na durƙusa, na tsoma yatsa na kai baki. Na ji tambayarsa a kunnena kamar yana tsaye a kaina. Na juya ruwan a harshe, na sake ɗiba, na sake. Harshena bai ce komai ba.

Mun ceto ramin da taimakon Malam Sule, kuma kun ga ina rini har gwiwa ta hana ni. Shuɗi yake bayarwa mai kyau, irin na kowa. Jan nan da ke tashi a rana ya tafi da mai shi. Wani lokaci ina zaune a bakin ramin sai in tuna Dakta da ma'auninsa, in ga ni ma abin da nake yi ke nan, ina da rami, na san zurfinsa, ga muciyar da hannun Baffa ya goge. Bambancinmu shi ne tsakanin Dakta da mutanensa shekaru ne dubbai, ni kuwa 'yan makonni.

Don haka idan na matsa muku da cewa ku zo ku tsoma hannu, ba rigimar tsufa ba ce. Rabin da nake da shi kaɗan ne, amma ina nan, ina ɗaga waya. Gwangwanin kuma ku daina buɗe shi a ɓoye, ku ɗauko zaren ku kai shi rana ku duba da kyau. Ba laya ba ce, ba kuma na wata mace ba ne. Na Baffa ne, aka ba ni in kai masa, ban kai ba.